Har da Gabir? Ta'aziyyar Usta Rizƙ Abul-Makarim

Daga Allah muke, gare Shi kuma muke komawa. Ranar Talata, sha huɗu ga Sha'aban, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya karɓi ran Usta Rizƙ Abul-Makarim a gidansa da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Damanhur, yana da shekara saba'in da ɗaya. Washegari bayan azahar muka kai shi makwancinsa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana riƙe da ɗakin ajiyar bindigogi na kulob ɗinmu na harbi, shi ne mai gyara, shi ne mai koyarwa. Wata takwas kafin rasuwarsa aka kore shi da takarda mai layi biyar.

Kafin in ce komai a kanka, Usta, bari in faɗi ko ni wane ne, don masu karatu su san ba mai neman a san da shi ne yake magana ba. Ni ne Gabir Shalabi. A aji biyu na sakandare na bar makaranta, shekarar da mahaifina ya rasu. Injin sassaƙa ƙarfena na farko a wajen masu gwangwan na ɗauko shi, matacce, na tashe shi da hannuna a cikin wata huɗu. Yau mutum goma sha tara ke cin abinci a masana'antata, kayan famfon ban ruwa da nake ƙerawa suna aiki daga nan har Aswan. Na gina gida mai hawa huɗu. Na kai mahaifiyata Makka sau biyu. 'Yata mai haɗa magunguna ce, ɗana injiniya. Ba ni da kawu a ma'aikatar gwamnati, ban taɓa tsayawa a ƙofar wani da takardar roƙo ba, ban gaji ko ƙusa ba. Mutum ɗaya ne a duniyar nan zai iya cewa ya ba ni abin da ban nema ba, ya koya mini abin da ba zan iya koya wa kaina ba. Shi muka binne ranar Laraba.

Ina da shekara arba'in da ɗaya na fara shiga kulob ɗin, ta ƙofar baya, ina sauke firam-firam na ƙarfe da aka ba ni aikinsu don rataya takardun saiti. Na tsaya ina kallon masu harbi, kowa hannu ɗaya a aljihu, ɗaya a miƙe, takarda can nesa mita ashirin da biyar. Kana zaune a bakin ɗakinka da butar shayi. Ka dube ni, ka dubi hannuna da baƙin mai ya shige faratansa, ka ce, "Ya Usta, hannun nan naka bai rawa. Zo ka ɓata mini harsashi biyar." Tun da na shigo harabar ba wanda ya kira ni da komai sai "kai mai ƙarfe". Kai ka kira ni Usta, wato gwanin sana'a, kamar yadda ake kiranka. Na harba biyar, uku suka sami takarda, biyu Allah kaɗai ya san inda suka tafi. Ka ce, "Madalla, ba ka kashe kowa ba. Ka dawo Juma'a."

Da lasisina ya fito, ranar zaɓen bindiga ta zo. Wannan ranar ce nake so matasan kulob su ji labarinta, don yanzu ba mai nuna musu. Ka shimfiɗa koren ƙyalle a kan tebur, ka jera bindigogin hannu uku masu cin ƙaramin harsashin nan namu na ashirin-da-biyu: sabuwa ƙirar Italiya mai walƙiya, wata ƙirar Jamus, da wata tsohuwa ƙirar Rasha wadda baƙin jikinta ya koɗe har ƙarfe ya fito fari. Ina da halin sayen kowacce, saboda haka na miƙa hannu ga mai walƙiyar. Ka buge mini hannu.

"Tumatir ka zo saya da za ka zaɓa da ido?"

"To da me ake zaɓa, ya Usta?"

"Ba kai ke zaɓa ba. Takarda ke zaɓa. Kai naka ka zauna ka sha shayi."

Ka ɗaure kowace bindiga a ƙarfen matsewa da ka kafe a kan dakalin siminti, don hannun mutum ya fita daga maganar. Ka fito da kwali huɗu na harsashi, kowanne daga kamfani daban. Kowace bindiga ta harba goma-goma daga kowane kwali. Bayan kowane goma sai ka taka zuwa takardar, ka ciro wani tsohon kwabo mai huda a tsakiya da kake rataye da shi a wuya da zare, ka ɗora a kan ramukan. Idan kwabon ya rufe goman duka, ka rubuta a littafinka. Idan rami ɗaya ya leƙo ta gefe, ka ce, "Wannan abincin bai karɓe ta ba." Juma'a uku muka yi a kan haka, ina ta cika ina batsewa, ni da na saba in yanke shawarar sayen inji a tsaye. A Juma'a ta uku tsohuwar ta Rasha, da kwalin da ya fi kowanne araha, ta zuba goma a rami ɗaya mai yagaggen baki. Ka ɗora kwabon, ka kira ni in leƙa ta hudarsa. Ban ga takarda ba, bangon baya na gani. Ka ce, "Ga matarka nan. Ba kyau, amma ba ta ƙarya." Ka sa na kwafi lambar da ke gefen kwalin, na bi dillali na kwashe duk abin da ya rage na wannan zubin, domin a cewarka ko kamfani ɗaya ne, zubin yau ba ɗan'uwan na gobe ba ne.

Ba ka tsaya nan ba. Ka rataya dutsen awo na kilo ɗaya a kunamarta, ka yi ta gyara har ta ɗauke shi ba ta saki ba, ta kuma saki da ƙarin da bai kai nauyin ƙwayar dabino ba. Ka sa na damƙi curin yumɓu, ka ajiye shi ya bushe, ka sassaƙa mini mariƙi da itacen zaitun a kan siffarsa, har ka bar gurbi don ɗan yatsana da inji ya karya ya warke a karkace. Da wannan bindigar na ci gasar lardi sau uku. Tana nan har yau, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Dokokinka biyu ne, ba wanda ya ratsa ɗakinka bai haddace su ba. Ta farko, kada a goge cikin bututu ƙal a jajiberin gasa, domin maiƙon harsashi da ya kwanta a ciki shi ke daidaita ta. Ta biyu, wadda kake faɗa da ɗaga yatsa: kada a taɓa danna kunama babu komai a ciki. Wutar wannan harsashi a gefen gindinsa take, ba a tsakiya ba, don haka allurar da ke dukansa gefe take nufa. Idan ba harsashi, sai ta daki bakin mazaunin harsashin, ƙarfe a kan ƙarfe. Sau ɗaya ba komai, sau goma ba a gani, sau ɗari biyu sai bakin ya lotsa ya tayar da ƙaya, kwanso ya riƙa maƙalewa. Shi ya sa duk wanda ya sayi bindiga ta hannunka kake ba shi kwalin ashana cike da kwanson da aka riga aka harba, ka ce, "In ƙaiƙayin dannawa ya kama ka a gida, sa wannan a ciki. Kyauta ne, shara ce."

Ba ka san babba ba idan ana maganar takarda. Na ji da kunnena wani alƙali ya kawo maka bindigarsa yana faɗa wai ta karkace. Ka ɗaure ta, ka harba goma, ka ɗora kwabo, ka ce, "Bindigar lafiyarta lau, ya Basha. Hannun za a kai asibiti." Ya yi dariya har da hawaye, ya zama ɗalibinka shekara tara. Akwai kuma safiyar gasar da wani ɗan Tanta ya zo da bindiga mai karyayyen sifirin, ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Ka ciro naka na ajiya ka sa masa, ya shiga ya cinye ni da maki biyu. Mako guda ban gaishe ka ba. Da na dawo ka zuba mini shayi ka ce, "Mutum kake so ka ci, ko karyayyen sifirin?" Na sha shayin. Akwai wata malamar makaranta da ba ta da halin sayen bindiga, shekara biyu tana harbi da taka ta kanka, ba wanda ya sani sai da ta faɗa a ranar jana'izarka tana kuka.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wanda ke son ta'aziyya mai sanyi ya tsaya a nan.

Shekara uku da suka wuce Medhat Bey, mai shagunan tayil, ya shigo kulob. Bai zauna Juma'a uku a gaban ƙarfen matsewa ba. Ya yi odar bindiga daga waje, mafi tsadar da aka nuna masa a hoto, a cikin akwati mai shimfiɗar karan-miski. Duk da haka ka karɓe ta da mutunci, ka gwada ta, ka ce masa bindiga ce ta gaske, ka rubuta masa irin harsashin da take so, ka ba shi kwalin ashanarsa kamar kowa. Ya dubi kwalin kamar an miƙa masa mataccen ɓera, ya bar shi a kan teburinka.

Ranar da ya buɗe sabon shagonsa a kan titin bakin ruwa, ina cikin waɗanda aka gayyata. Da idona na ga ya fito da bindigar daga akwati, ya nuna ba komai a ciki, ya riƙa miƙa wa baƙi ɗaya bayan ɗaya don su ji laushin kunamarta. Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas. Surukinsa ya danna, likitan haƙorinsa ya danna, wani mai ƙaton ciki ya danna sau shida yana auna fitila. Kowane ƙyas a haƙorina nake jin sa. Na matsa na ce a hankali, "Ya Bey, kana kashe ta. Usta Rizƙ ya hana wannan." Ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce, "Usta Gabir, wannan ba famfon ruwa ba ce. Ka ci alawar baklawa." Aka yi dariya. Ma'aikatan shagon sun ce haka yake yi duk ranar da ya yi babban baƙo.

Mako biyu kafin gasar lardi ya kawo maka ita don ka rage masa mariƙi. Kwana biyu ta yi a ɗakinka. Ka ga bakin mazaunin, ka gaya masa, ya ce kai dai ka yi abin da aka sa ka. Ranar gasa, ga baƙinsa jere a bayansa har da mai ɗaukar hoto, bindigar ta maƙale a harbi na bakwai, ta sake a na sha ɗaya, ta sake a na sha biyu, aka fitar da shi. Kafin magariba duk kulob ya ji cewa wai Usta ya tsufa, hannunsa na rawa, ya sa guduma ya lalata bindigar da ta fi albashinsa na shekara biyar.

Kwamitin kulob mutum bakwai ne, ina cikinsu. Aka kira zama a kan maganar, aka ajiye bututun bindigar a kan tebur. Na ciro gilashin ƙara girma da nake duba ƙarfe da shi, na duba, na ce kowa ya zo ya gani: lotsawar wuri ɗaya ce, daidai inda allura ke sauka, faɗinta faɗin bakin allura, kuma ba bugu ɗaya ya yi ta ba, ɗaruruwa ne a kan juna. Na ce ba gudumar da ke yin wannan a duniya. Na faɗi abin da na gani a shago. Ba wanda ya tashi ya leƙa gilashin. Ko ɗaya. A lokacin Medhat Bey yana tsakiyar shimfiɗa wa kulob sabon tayil tun daga ƙofa har banɗaki, ya kuma yi alkawarin rufin filin harbi. Shugaba ya ce masu goyon bayan sallama su ɗaga hannu. Hannu shida suka tashi. Ya ce masu adawa. Na miƙe tsaye, na ɗaga nawa har rigata ta fita daga wando, na ce, "A'a. Ni Gabir Shalabi na ce a'a." Na sa hannu na karɓi bututun a matsayina na ɗan kwamiti, na kulle shi a akwatina na ɗakin ajiya, na fita na buga ƙofa. Tun ranar ban sake halartar zamansu ba. Na ɗauka na yi abin da namiji zai yi.

Aka ce da aka ba ka takardar ka karanta a tsaye, ka ninke, ka ɗauki butar shayinka da littafinka, ka fita ta ƙofar baya. Ba ka ɗauki ko sukurdireba ba, alhali rabin kayan aikin ɗakin da hannunka ka ƙera su. A makon suka cire allon tagulla mai sunanka daga bango, suka liƙa tayil a wurin.

Na zo gidanka washegari da tiren alawar kunafa. Matarka Hajja Insaf ta buɗe ƙofa rabi ta ce kana barci. Na dawo bayan kwana uku, ta ce kana barci. Na dawo ranar Juma'a, ina jin tarinka daga falo, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yana barci, ya Usta Gabir." Ni mutum ne da bai saba buga ƙofa sau huɗu ba. Na ce a raina, ni da na tsaya maka ni kaɗai, ni za a mayar daga bakin ƙofa? Na juya. Wata takwas. Ina wucewa ta bayan tasha da mota, in rage gudu, in ƙara. Wannan nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba, zan amsa shi a gaban Allah. Amma akwai waɗanda suka haƙa ramin da na faɗa, kuma su ma za su amsa, tun a nan.

A rumfar zaman makoki ina tsaye a layin masu karɓar gaisuwa, domin ba ka bar ɗa namiji ba, 'yan'uwanka kuma suka ce in tsaya. Mai karatu yana karatu, ana zagayawa da baƙin gahawa marar sukari. Sai ga Medhat Bey da baƙin tabarau, 'yan kwamitin nan shida na biye da shi. Ya miƙo hannu yana cewa, "Allah ya ba mu haƙuri, mun yi rashin uba." Ban kama hannun ba. Na laluba aljihu, na ciro kwanso ɗaya daga kwalin ashanar da ka ba ni shekara goma sha bakwai da suka wuce, na sa masa a tafin hannu, na naɗe yatsunsa a kai. Na ce, "Ka manta wannan a teburinsa, ya Bey. Kyauta ne, shara ce." Bai zauna ya ƙarasa gahawarsa ba.

Na ɗauka iyakar abin ke nan. A rana ta uku 'yarka Rabab ta aiko in zo. Ta ajiye mini kwabon nan mai huda, da zarensa da ya yi baƙi don gumin wuyanka, ta ajiye takardar sallama kusa da shi. Duk ninkinta ya kusa tsagewa don yawan buɗewa. Ta ce, "Baffa Gabir, karanta layi na uku." Na karanta. An rubuta: bisa amincewar dukkan 'yan kwamiti baki ɗaya.

Ta ce, "Ranar da ya dawo da ita, ya zauna a nan inda kake, ya sa yatsa a kan layin nan. Bai zagi kowa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, 'Har da Gabir?' Bayan nan ko an ambaci sunanka sai ya juya fuska bango. Amma duk ranar gasa sai ya ce in duba masa a waya ko ka ci." Ta ce kwana biyu kafin rasuwarka ka cire kwabon daga wuya ka ce a ba ni, ka ce ko ma mene ne, hannuna bai rawa.

Ni Gabir, da ban yi kuka a jana'izar mahaifina ba don ina tunanin abin da ƙannena za su ci, na yi kuka a falonka har Hajja Insaf ta fito ta tsaya a kaina.

Daga nan kai tsaye na wuce kulob, na sami sakatare, Ustaz Wagdi, na ce ya fito da littafin zaman kwamiti. Shafi na ɗari da goma sha biyu. Baki ɗaya. Ba sunana, ba a'a ɗina, ba maganar gilashi, ba maganar shago. Na ce, "Wa ya rubuta wannan?"

"Haka aka saba, ya Usta. Ba a rubuta saɓani a kan ma'aikaci, don martabar kulob. Kuma an karanta a zama na gaba, ba wanda ya yi gyara. Kai ne ba ka zo ba."

"Na ɗaga hannu ko ban ɗaga ba?"

"Haba, mutumin ya riga ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Me gyaran zai ƙara masa?"

"Na ɗaga ko ban ɗaga ba, Wagdi?"

Ya dubi tayil ɗin ƙasa ya ce, "Ka ɗaga."

To ku ji, ku shida, da kai mai alƙalami, da kai mai tayil. Korarsa da kuka yi zalunci ne, amma da ya tsaya a nan da tsohon ya haɗiye, ya ga abin da ya fi haka a rayuwarsa. Ku kuka ɗauki a'a ɗina kuka mai da shi i, kuka sa a ambulan, kuka aika masa ya kwana da shi wata takwas. Kun sace mini hannuna kun mare shi da shi. Ya mutu yana zaton mutumin da ya sassaƙa wa mariƙi ya sayar da shi a kan tayil ɗin banɗaki. Mai yiwuwa shi ya yafe muku, halinsa ne. Ni ban yafe ba, ba zan yafe ba, kuma kada wanda ya turo mini dattijo ko limami a kan maganar nan, zan ba shi shayi in raka shi ƙofa.

Kada kowa ya ji tsoro a kan jikinsa. Usta ya koya mana bakin bindiga takarda kaɗai yake kallo, kuma ban taɓa karya dokarsa ba. Abin da zan yi muku a fili zan yi shi, ga shi ina sanar da ku tun yanzu don ku sami lokacin rasa barci. Babban taron 'yan kulob ya faɗo kwana biyu bayan addu'ar arba'in. Na riga na tara sa hannun da ake bukata don a ba ni magana. Zan zo da tsohuwar bindigar horo da aka daina amfani da ita, in ɗaure ta a ƙarfen matsewar Usta a gaban kowa, in danna ta babu komai sau ɗari biyu, ina ƙirgawa da ƙarfi, kuna zaune kuna ji. Ƙyas. Ƙyas. Sannan in buɗe akwatina in fito da bututun Medhat Bey, in jera su biyu a kan koren ƙyalle, in ajiye gilashi. Wannan karon kowa zai tashi ya leƙa, layi-layi, har masu shara. Ku shida zan kira ku da sunayenku da sunayen ubanninku, ɗaya bayan ɗaya, ku zo ku leƙa abin da kuka ƙi leƙawa. Ma'aikata biyu na shagon tayil da suka bar aiki sun ce za su zo su faɗi abin da suka gani.

Bayan haka ku riƙe rufinku. Filina da ke hanyar Abu Hummus an fara zuba masa harsashin gini, takardun izini suna tafiya, layin harbi goma, da dakalin siminti a tsakiya. Sunan Usta Rizƙ Abul-Makarim za a sa a ƙofar gaba, da ƙarfen da zan yanka da hannuna, wanda ba mai liƙa tayil a kansa. Maharba goma sha huɗu sun ce suna biye da ni, cikinsu har da alƙalin da aka ce a kai hannunsa asibiti. Duk wanda zai sayi bindiga a can sai ya zauna Juma'a uku, ko ɗan wane ne. Kwabon yana wuyana.

Ya Allah, ga bawanka Rizƙ ya zo maka. Bai taɓa cewa karkatacciya miƙaƙƙiya ce don mai ita babba ne ba. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa abin da aka yi masa a ƙarshen rayuwarsa ya zama kankarar zunubansa. Ka ba shi gida a Aljanna wanda ba mai miƙo masa takarda a cikinsa. Ya Allah, ka sanar da shi abin da girman kaina ya hana ni buga ƙofa karo na huɗu in gaya masa. Waɗanda suka zalunce shi kuma, ka tsawaita ransu har su ji kunyarsu a bakin 'ya'yansu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajja Insaf, wadda ta tsare ƙofar mijinta kamar yadda ya umarce ta, ban riƙe ta da komai ba. Ga Rabab da mijinta da 'ya'yansu, ga 'yan'uwansa na Damanhur da na ƙauye, ga duk wanda ya taɓa karɓar kwalin ashana daga hannunsa. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Hajja, muddin ina numfashi gidanki ba zai nemi komai a wurin kowa ba.

Saura abu ɗaya, kuma ba roƙo nake ba, ban iya ba. Ustaz Wagdi, ka buɗe shafi na ɗari da goma sha biyu. Ka ja layi a kan "baki ɗaya", layi ɗaya siriri, don a riƙa ganin ƙaryar a ƙarƙashinsa. Ka rubuta shida suka amince, ka jera sunayensu. Sannan a layi na daban, da tawada ba da fensir ba, ka rubuta: Gabir Shalabi ya ce a'a. Ka buga hatimi, ka ba ni kwafi. Akwai wanda ya yi tambaya wata takwas da suka wuce ba a ba shi amsa ba. Zan kai takardar maƙabarta, in tsaya a wajen kansa, in karanta masa da ƙarfi.

Ku rubuta sunana.

Gabir Shalabi
Damanhur